3.4 Tsarin Raba Ƙarfin Inji ga Tayoyi Huɗu a Motar Audi Quattro

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana yadda injiniyoyin kamfanin Audi na ƙasar Jamus suka warware matsalar isar da ƙarfin inji ga tayoyi huɗu ba tare da mota ta yi nauyi ko tsawo ba. Kafin shekarar 1980, yawancin motocin da ke ja da tayoyi huɗu na soja ne ko na shiga daji, domin suna ɗauke da wani akwatin giya na biyu mai nauyi wanda ke tilasta a ɗaga jikin motar sama. Irin wannan tsari bai dace da motar gudu ba, saboda mota mai tsawo ba ta da natsuwa a kwana.

Tunanin ya samo asali ne a hunturun 1977, lokacin da injiniya Jörg Bensinger ya lura cewa wata ƙaramar motar soja mai suna Volkswagen Iltis tana tsere wa motocin da suka fi ta ƙarfi a kan ƙanƙara a arewacin Turai. Dalilin haka shi ne, kowace taya tana da iyakar ƙarfin da za ta iya ɗauka kafin ta fara sulɓi. Idan aka ɗora ƙarfin injin duka a kan tayoyi biyu, da wuri za su kai wannan iyaka. Idan kuwa aka raba shi huɗu, kowace taya za ta ci gaba da kama ƙasa. Ferdinand Piëch, shugaban sashen ƙere-ƙere na kamfanin a lokacin, ya amince da aikin, aka kuma nuna motar a bajekolin Janiba a watan Maris na 1980. Injinta mai silinda biyar ne da turbo, girmansa lita 2.1, yana ba da ƙarfin doki 200.

Sai dai akwai wata matsala. A duk lokacin da mota ta shiga kwana, tayoyin gaba suna yin zagaye mai faɗi fiye da na baya, don haka dole su fi su saurin juyawa. In an ɗaure su wuri guda, tayoyi za su riƙa gurzar kwalta, ƙarafan cikin giya kuma su murɗe. Wannan ne ya sa ake bukatar difaranshiyal na tsakiya, wato na'urar da ke barin gaba da baya su juya da sauri mabambanci alhali duka suna samun ƙarfi.

Dabarar da aka yi ita ce, sandar da ke fitar da ƙarfi daga cikin giya aka mayar da ita mai rami kamar bututu. Wannan bututu yana kai ƙarfi ga difaranshiyal ɗin da ke bayan akwatin giya, shi kuma ya raba shi biyu daidai: rabi ya bi farfela zuwa baya, rabi ya dawo gaba ta wata siririyar sanda da ke juyawa a cikin bututun. Ta haka aka kauce wa akwatin giya na biyu. Da farko direba ne ke kulle difaranshiyal da hannunsa idan hanya ta yi santsi, amma daga 1987 aka sa nau'in Torsen wanda da kansa yake tura ƙarfi zuwa ɓangaren da ya fi kama ƙasa.

Duk da haka tsarin bai rasa aibi ba. Kasancewar dogon injin yana zaune gaba da aksul na gaba, kan motar ya yi nauyi, har takan nemi zarcewa a kwana mai kaifi ko da an murɗa sitiyari. Don rage wannan ne aka gajarta tazarar tayoyin Sport Quattro ta 1984 da santimita 32.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa nasarar motar ta dogara ne ga yadda aka raba ƙarfi fiye da yawansa. Gasar tseren rali ta duniya ta tabbatar da haka, inda Audi ya lashe kambun kamfanoni a 1982 da 1984. Sashe na gaba zai duba tsarin birki da na sifirin.