Ruwan jabel da omo: mu karanta, mu auna, mu san inda muke zubawa

Yau hirarmu bisa kayan wanki da na tsabtar gida take: sabuni, omo, soda, da musamman ruwan jabel.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Wata mata ta ajinmu ta yi kwana 3 ba ta zo karatu ba. Da ta dawo na ce, "Uwargida, lafiya?" Ta ce, "Malam, da sauƙi dai." Ashe jabel na awo ta sayo a kasuwa, mai sayarwa ya zuba mata cikin robar lemo. Ta ajiye gindin randa. Ɗanta mai shekara 3 ya dawo daga wasa da ƙishirwa, ya ɗauka ya kurɓa. Maƙwabta suka taru, wannan ta ce a ɗura masa nono, waccan ta ce a sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Uban yaron ya ƙi, ya ɗauke shi sai gidan likita. Yaro ya warke. Amma da robar tana da alama, kuma tana can sama, da duk wannan bai faru ba.

Mene ne jabel? Sunan wata unguwa ce ta birnin Pari, ƙasar Faransa, inda aka fara yin shi wajen shekarar 1789. Cikinsa akwai wani sinadari da ake kira kulor. Shi ke kashe ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Lokacin da cutar zawo da amai ta ɓulla a Madarunfa cikin 2018, da kuma jihohin Maradi, Damagaram da Tawa cikin 2021, da ruwan kulor ma'aikatan lafiya suke wanke hannu, da kayan aiki, da ɗakunan majinyata. Ashe abu ne mai amfani. Sai dai ƙarfin da ke kashe ƙwayar cuta, shi ne ke ƙona ido da maƙogwaro. Don haka ga ka'idodi 5.

Ta ɗaya: mu karanta jikin kwalba. Ko da rubutun da faransanci ne, yanzu kun san lambobi. In kun ga 2,6% wannan shi ne na aikin gida. In kun ga 9,6% mai ƙarfi ne ƙwarai. Sai an zuba masa ruwa: ma'auni 1 na jabel, ma'auni 3 na ruwa, sannan ya zama kusan daidai da na farin. Ku duba hotuna kuma. Hoton ruwa yana ɗiga bisa hannu, ma'anarsa abin yana ƙona fata. Hoton mataccen kifi da busasshen icce, ma'anarsa yana ɓata ruwa da abin da ke cikinsa.

Ta biyu: mu auna. Don goge daɓe, ko tebur, ko bakin salga, babban cokali 3 na jabel mai 2,6% cikin ruwa lita 1 ya isa. Ruwan sanyi, ba na zafi ba, don zafi yana kashe ƙarfinsa. A fara wanke wurin da sabuni, a ɗauraye, sannan a shafa ruwan jabel, a bar shi minti 10. In ba a fidda dauɗa ba, jabel aikin banza yake yi. A haɗa na yini ɗaya kaɗai. Wannan ma'auni ba na ruwan sha ba ne. Na ruwan sha, ku tambayi malamin lafiya.

Ta uku: kada mu gauraya. Waɗansu suna zaton in an haɗa magani biyu aiki zai fi kyau. Kuskure ne. In jabel ya haɗu da abu mai tsami, kamar binegar, ko ruwan lemun tsami, ko maganin wanke masai na kanti, iskar kulor take tashi. Tana sa tari, da hawaye, da sarƙewar numfashi. Haka nan in ya haɗu da fitsarin da ya kwana. Ku zubar da fo ɗin yaro, ku ɗauraye, kafin ku sa jabel. Ku buɗe ƙofa da taga lokacin aiki.

Ta huɗu: mu ɓoye. Kowane magani ya zauna cikin kwalbarsa, a rufe, a inuwa, can inda hannun yaro ba ya kai. In na awo kuka sayo, ku ɗauki alƙalami ku rubuta JABEL da manyan baƙaƙe, ku ɗaura jan ƙyalle a wuyan robar don wanda bai iya karatu ba tukuna. Mata masu yin sabuni, ku ƙara kula da soda. Garinta kamar gishiri, ruwanta kamar ruwan sha, kuma ƙunarta ta fi ta jabel nesa.

In tsautsayi ya faɗa, wani ya sha, kada a sa shi amai, don abin zai sake ƙona maƙogwaro wajen fitowa. Kada a ɗura masa nono ko mai. A kurkure masa baki da ruwa, a kai shi gidan likita nan take, a tafi da kwalbar. In a ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15, sannan a tafi likita.

Ta biyar: mu san inda muke zuba ruwan wanki. Ruwan da muka zubar ba ɓacewa yake ba. Ko ya nutse ƙasa ya nufi rijiya, ko ya bi kwararo ya faɗa tabki. Jabel yana kashe kifi. Waɗansu irin omo kuwa suna sa gansakuka ta yi yawa har kifi ya rasa iska. Masuntan tabkin Madarunfa, da na Tabalak, da na kogin Isa, daga ruwan nan suke ciyar da iyalinsu. Dabbobinmu ma can suke sha. Don haka a ɗebo ruwa a yi wanki nesa da gaɓa. A gida, a haƙa ɗan rami, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, ruwan wanki ya riƙa nutsewa ciki. Ramin ya yi nisan mita 30 daga rijiya. Hakan zai hana ruwa kwanciya, balle sauro ya hayayyafa. Kada a zuba ruwan jabel cikin garka.

Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba. Omo kaɗan ya isa. Wadda ta zuba da yawa ta yi hasarar kuɗi, ta ƙara wa kanta jan guga wajen ɗauraya. Ledar omo kuma a tattara ta, kada akuya ta haɗiye, kada a cusa ta cikin murhu. Robar jabel da ta ƙare, a ɗauraye, a huda gindinta, don kada wani ya zuba ruwan sha ko mai ciki.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya duba kwalaben da ke gidansa, ya kwafo lambar da ya gani cikin littafinsa, ya kawo wa malamin ajinsu. Wadda babu suna a jikinta, ku rubuta mata da hannunku. Sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya.