Yadda Ake Gane Robar Kabureta Ta Tsage a Babur, da Yadda Ake Gyara Ta

Sau da yawa babur kan fara gardama, mai shi ya wanke kabureta, ya canza filogi, ya murɗa sukurun silo, amma matsalar tana nan. A irin wannan yanayi, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne 'yar robar nan da ke haɗa kabureta da kan inji. Ba ta da tsada, amma idan ta tsage tana iya jawo kashe kuɗin gyaran inji gaba ɗaya.

Mene ne aikinta?

Aikin kabureta shi ne haɗa iska da fetur bisa awo. Idan aka auna da nauyi, fetur kashi 1 yana buƙatar iska kusan kashi 14.7 kafin ya ƙone sarai. Wannan haɗin yana bi ta cikin robar ne ya shiga inji. Da yake inji zuƙa yake yi, duk wata 'yar tsaga a jikin robar za ta shigar da iskar da kabureta bai auna ba. Sai iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, wuta ta ƙara zafi. Idan aka daɗe a haka, bawul na iya ƙonewa, fistin ma ya lalace.

Zafin inji, zafin rana, fetur da girgiza su ne ke busar da robar har ta taurare ta fara tsagewa. Shi ya sa baburan haya irin su Bajaj Boxer, da ke wuni a kan hanya, suke saurin gamuwa da ita.

Alamomi

Alama ta farko ita ce silo ba ya zama daidai, yana hawa yana sauka. Ta biyu, idan aka saki totur, ƙarar inji na daɗewa a sama kafin ta sauko. Akwai kuma babur ɗin da ba ya tsayawa sai an bar cok a ja, ko salansa ta riƙa fas-fas yayin rage gudu. Idan aka ciro filogi, za a ga bakinsa ya yi fari maimakon ruwan ƙasa.

Yadda ake gwaji

A fara da ido. A kashe inji, a bari ya huce, a haska robar da tocila sannan a ɗan lanƙwasa ta, domin wata tsagar ba ta fitowa sai an matsa. A duba ƙarƙashinta da wajen maɗauri.

Bayan haka a tayar da babur, a bar shi a silo, a fesa ruwa kaɗan-kaɗan a kan robar da mahaɗarta. Duk inda ƙarar inji ta sauya, nan ɓarakar take. Wasu kanikawa suna amfani da man feshin wanke kabureta, amma yana kama wuta, don haka a yi shi a fili, nesa da salansa mai zafi. Idan ƙarar ba ta sauya ko'ina ba, a koma kan ƙaramin jet na silo, domin toshewarsa na kawo alamomi masu kama da waɗannan.

Gyara

Idan maɗauri ne ya saki, a ɗaure shi daidai, kada a matse har ya yanka robar. Idan daga mahaɗar inji iskar ke shiga, a canza gasket ko zoben robar da ke wurin. Idan kuwa robar ce ta tsage, maganinta sabuwa. Salatif da gam sai dai su kai mutum gida, kuma silikon na gama-gari ba ya jure fetur.

A tuna a duba robar da ke tsakanin matatar iska da kabureta. Idan ita ce ta tsage, ƙura za ta shiga kai tsaye ta cinye ringi, musamman lokacin hunturu.

A ƙarshe, idan an riga an taɓa sukurun kabureta don rufe matsalar, sai a sake saita su bayan inji ya ɗau zafi, in ba haka ba babur zai koma shan mai fiye da kima.