Mazan da Ke Fitowa a Mata a Dandamali: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Ana yawan cewa dokar Ingila ce ta haramta wa mata wasan kwaikwayo a zamanin Shakespeare, shi ya sa samari ke fitowa a mata. Rabin zancen ne gaskiya. Lallai yara maza da muryarsu ba ta fashe ba su ne suka fara fitowa a Juliet da Desdemona, matan cikin wasanninsa, a gidajen wasa na Landan. Amma babu wata dokar majalisa da ta tilasta haka. Al'ada ce kawai, ta ganin hawan mace dandamali abin kunya. Sai a Disamba 1660, bayan Sarki Charles na Biyu ya hau gadon sarauta, aka ga mace ta fito a Desdemona.

Inda aka yi doka da gaske shi ne Japan, kuma labarin da ɗaci. Wasan kabuki mace ce ta ƙirƙiro shi, Izumo no Okuni, a Kyoto wajen 1603. A 1629 gwamnatin Tokugawa ta kori mata daga wasan bisa zargin karuwanci. Samari suka maye gurbinsu, su ma aka hana su a 1652 kan irin wannan zargi. Daga nan manyan maza suka karɓi aikin, ana kiransu onnagata: fuska fara fat da hoda, gwiwoyi a haɗe, kafaɗu a sauke, taku gajere-gajere. Sana'a ce ta shekaru, galibi ta gado.

Wata maganar ita ce duk mai wannan aiki ya koma mace har a gidansa. Akwai masu ra'ayin haka, kamar Yoshizawa Ayame, wanda ya rasu a 1729, da ya ga ya dace onnagata ya riƙe halin mata ko bayan wasa. Amma a shafa wa kowa wannan zalunci ne. Mei Lanfang, fitaccen mai fitowa a mace a wasan waƙe na Beijin, magidanci ne, ɗansa Mei Baojiu ya gaje shi. Da sojojin Japan suka mamaye Sin, sai ya tara gashin baki don kada a sa shi ya yi musu wasa.

Masu cewa maza kaɗai ke fitowa a jinsin da ba nasu ba su ma sun yi kuskure. Sarah Bernhardt ta Faransa ta fito a namiji, Hamlet, a 1899. Ƙungiyar Takarazuka ta Japan kuwa, tun wasanta na farko a 1914, mata zalla ne, su ne angon, su ne amaryar.