Babur, fetur, waya da kara: Yadda matakan tsaro suka sauya rayuwa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji. Ranar 17 ga watan, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sanar da sakin yara 344. Wannan hari ne ya kai sunan Ƙanƙara kunnen duniya, ko da yake yankin ya daɗe cikin baƙin ciki. Wata shida kafin nan, a watan Yuni, an kashe gomman mutane a ƙauyen Kadisau na Ƙaramar Hukumar Faskari.

Daga wancan lokaci an ɗauki matakan tsaro iri-iri, kuma kusan kowannensu ya taɓa abin da talakan gari yake ci da shi.

Me ya sa wannan yanki?

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomi takwas da aka fi sani da na bakin daga a Jihar Katsina, tare da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ɗandume. Ƙanƙara da Faskari suna maƙwabtaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuwa tana iyaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Dazuzzukan da ke tsakanin jihohin nan uku a haɗe suke, don haka maharan da suka yi ɓarna a jiha ɗaya suna iya kwana a wata.

Yankin kuma ƙasar noma ce mai albarka: masara, dawa, waken suya da auduga. Kasuwar Sheme da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta yi suna wajen cinikin dabbobi, kamar yadda ta Ɗandume ta yi suna wajen hatsi. Wannan arziki shi ne abin da ke jan hankalin ɓarayin daji. Domin tunkarar su ne rundunar sojan ƙasa ta kafa babban sansani a Faskari a watan Yulin 2020.

Dokar da ta ƙuntata komai

A ƙarshen watan Agustan 2021, Gwamna Masari ya sa hannu a kan dokar daƙile matsalolin tsaro. Dokar ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na waɗannan ƙananan hukumomi uku. Ta haramta sayar da fetur a jarka, ta keɓe gidajen mai biyu kacal a kowace ƙaramar hukuma da abin ya shafa, kuma ba za a sayar wa mai mota man da ya wuce na Naira 5,000 ba. An hana goyon mutum biyu a kan babur, an kuma hana zirga-zirgar babura daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na safe a ƙananan hukumomin bakin daga. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, kuma waɗannan uku suna ciki.

Hikimar dokar a fili take. Ɗan bindiga yana kai hari a kan babur, babur yana buƙatar fetur. Da waya yake jin labari daga masu kai masa rahoto, da ita kuma yake cinikin kuɗin fansa. Shanun da ya sato ba su zama kuɗi sai sun shiga kara. In aka toshe waɗannan ƙofofi huɗu, ana sa ran daji ya yi masa zafi.

Wa ya biya kuɗin sabulu?

Matsalar ita ce da waɗannan abubuwa huɗu ɗin mutanen gari suke rayuwa. A ƙauyukan da mota ba ta shiga, babur shi ne motar asibiti. Mai naƙuda ko maras lafiya ba ya iya zama a bayan babur sai da mai riƙe shi, ga shi an hana goyon biyu, ga kuma dokar dare. Ɗan acaɓa ya rasa cinikin magariba, lokacin da 'yan kasuwa ke komawa gida.

Jarkar fetur ma ba ta ɗan bindiga ce kaɗai ba. Da ita mai injin niƙa yake aiki, da ita manomin rani yake tayar da injin ban-ruwa, da ita mai shago yake kunna janareta. Rufe kara kuwa ya taɓa asusun manomi kai tsaye, domin a karkara akuya da tunkiya su ne ajiya. Su ake sayarwa a sayi taki, a biya kuɗin magani, a yi hidimar aure ko suna. Dillalai, mahauta, direbobi da masu sayar da abinci a ranar kasuwa duk sun ji a jikinsu.

Katse waya shi ya fi kowanne kaifi biyu. Ya wahalar da masu neman kuɗin fansa, amma ya hana mutumin ƙauye kiran jami'an tsaro ko gargaɗin maƙwabta idan ya hango babura. Masu sana'ar POS suka tsaya cik, tura kuɗi ta waya ya gagara, mutane suka riƙa yin doguwar tafiya don kawai su sami sabis su gaisa da 'yan uwa. Sai a watan Disamba aka fara mayar da layukan a wasu wuraren.

Ilimi ma bai tsira ba. Bayan harin Ƙanƙara an rufe makarantun kwana a jihar, wasu jihohin Arewa suka bi sahu, a daidai lokacin da yara ba su daɗe da komawa aji ba bayan hutun annobar korona.

Abin da ya biyo baya

A watan Janairun 2022, Gwamnatin Tarayya ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. A watan Oktoban 2023, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma sama da 1,400, waɗanda aka ɗebo daga garuruwan da abin ya shafa, bisa hujjar cewa ɗan gari ya fi kowa sanin hanyoyin dajinsu da fuskokin mutanensa. Duk da haka hare-hare ba su tsaya ba. A watan Yunin 2024 an yi mummunan kisa a 'Yargoje da ke Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara. A 2025 kuma al'ummomi da dama na yankin suka zauna sulhu da 'yan bindiga, abin da ya raba kan jama'a, musamman ga waɗanda ba su manta yadda sulhun 2019 ya wargaje ba.

Darasin da ke ciki shi ne, dokar ƙuntatawa tana da amfani ne idan tana da wa'adi, kuma jami'an tsaro suka yi amfani da wa'adin suka shiga daji. In ta daɗe babu wannan, ɗan bindiga zai nemo fetur ta ɓarauniyar hanya ko nawa ne kuɗinsa, domin yana da kuɗin fansa a hannu, talaka kuwa ya zauna babu. Talaucin da ke biyo baya shi ne ke sauƙaƙa wa maharan samun masu kai musu rahoto da kayan masarufi.

Don haka duk hukumar da za ta sake kafa irin wannan doka, ya kamata ta tanadi mafita ga maras lafiya da manomin rani, ta kuma samar wa ƙauyuka hanyar kiran agaji kafin ta taɓa layin waya. Mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna auna zaman lafiya da abubuwa uku: ko manomi ya je gonarsa ta nesa ya dawo ba tare da biyan haraji ga kowa ba, ko kasuwa ta ci har yamma, ko kuma uba ya kai ɗansa makarantar kwana ya koma gida ya yi barci.