Ruwan Tiga da makomar tsuntsayen da ke zuwa daga Turai

Kano ba ta da teku, amma agwagin daji da ke tsere wa sanyin Turai sun dogara da ruwanta. Duk kaka sukan ratsa Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, inda tuddan da ruwa ya kewaye ke ba su mafaka.

Kaso mai yawa na ruwan nan daga Kogin Kano yake, wanda ke ratsa dajin Falgore. Tun da aka kammala madatsar Tiga a Bebeji a 1974, ambaliyar damina ta ragu. Ruwan da ake saki rani da damina kuwa ya bunƙasa ciyawar kacalla, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wurin kiwon tsuntsaye da na masunta. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke riƙe da ƙofofin madatsar.