Gizo na neman takarda a Tabotaki

A Tabotaki, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, in an gama cin tuwon dare, farin wata ya haska duwatsun Adar, yara kan kewaye kaka su roƙe ta gatana. Jarumin fagen sananne ne: Gizo, mijin Ƙoƙi, mai tsamin baki da baƙin kwaɗayi. Shi ne ya ari fuka-fukan hankaki ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya yi masu rowa, suka karɓe abinsu suka bar shi can. Yara su yi ta dariya, ba su san karatu suke ɗauka ba: kwaɗayi mabuɗin wahala.

Gari na wayewa, yaron nan ya ɗauki allo ya tafi lakwal. Can ma akwai hankaka, wanda La Fontaine ya haɗa da yanyawa cikin littafinsa na 1668. Mushe ya karanta, yaro ya haddace, ya tashi ya maimaita, amma bai yi dariya ba, domin harshen ba na gidansu ba ne. Wanda kuwa bai taɓa jin daɗin littafi ba, da wuya ya neme shi bayan ya bar aji.

Alhali Hausa ba ta rasa irin waɗannan littattafai ba. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta shirya wa juna tsiya daga gari zuwa gari, har a kai ƙasar aljannu. Tsakanin 1937 da 1939 ya fito da Magana Jari Ce, littafi uku, inda aku ke tsare ɗan sarki da labarai don kada ya fita yaƙi. Dubban ƴan makarantar Najeriya da su suka ƙware a karatu.

Nijar ma ta gwada. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa kafin Faransanci, kuma dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa cikin harsunan ƙasa. Sai dai doka ba ta buga littafi. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali, me zai karanta in ya koma gida?

Lokaci kuma ba ya jira. Magidantan Adar na ci-rani a Abijan, Legas ko Libiya, wayar salula ta shiga hirar dare, tsofaffin da suka san gatana suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Aikin bai fi ƙarfin INDRAP da malaman karkara ba: a zauna gaban kakanni, a rubuta, a zana, a buga da araha. Gizo ya tsira daga Dodo da kura sau ba adadi. In ba a ba shi takarda ba, mantuwa ce za ta cinye shi.