Babur Ɗin Ruwa: Bayani Ga Dillalai Da Mai Son Sayen Na Farko

 Yau za mu ajiye zancen gero da dawa a gefe, mu taɓa wata haja wadda ba ta rumfarmu ba ce, amma ta fara ratsowa ta hannun mutanenmu. Ita ce babur ɗin ruwa, wanda Turawa ke kira Jet Ski. Dalili kuwa, masu otal da wuraren shan iska na bakin ruwa, da 'ya'yan masu hali da suka gan shi a Dubai ko a Ikko, sukan kira dillalin da suka saba da shi su ce ya nemo musu. Shi kuma dillali ba ya son a ji ya ce bai sani ba, sai ya karɓi kuɗin mutane ya tura Ikko. To in abu ya iso matacce, ba wanda zai tuna da mutumin Ikko. Sunan dillali ne zai ɓaci a kasuwa, kuma shi za a kai gaban alƙali.

Shi wannan suna Jet Ski, asalinsa na kamfanin Kawasaki ne na Japan, wanda ya fito da nasa kasuwa a 1973, sai sunan ya bi dukan sauran, kamar yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo. Kamfanin Bombardier na Kanada ya riga shi, ya yi nasa mai suna Sea-Doo a 1968, ya dakata, sa'an nan ya komo a 1988. Yamaha kuwa ya shigo da WaveRunner a 1986. Waɗannan ukun su ne manyan masu ƙera shi har yau. Honda ya taɓa yi ya bari a 2009, Polaris ya bari tun 2004. Saboda haka in aka nuna muku ɗayan waɗannan biyun da araha, ku san kayan gyaransa sai an sha wuya, domin masu shi sun daɗe da rufe wannan babi.

Yadda yake tafiya ya saɓa wa injin kwale-kwale da muka sani a Yawuri ko Baga. Shi ba shi da farfela a waje. A ƙarƙashin cikinsa akwai wata kafa mai raga, ta nan yake zuƙo ruwa, wata farfela da ke ɓoye cikin bututu ta matsa ruwan, ta feso shi ta baya da ƙarfi. Wannan feshin shi ke tura shi gaba, kuma shi ne linzaminsa, watau in ka karkata kan babur, bakin bututun ne ke karkata. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya tsorata ya saki totur, to ya saki linzami ke nan, ko ya murɗa kai babur ba zai juya yadda yake so ba, zai ci gaba da sulalewa inda ya dosa. Karo da yawa da sababbin mahaya ke yi daga nan yake. Tsofaffin ƙira ba su da birki ko kaɗan. Sea-Doo ne ya fara sa birki a 2009, Yamaha ya kawo irin nasa a 2015. Mu dai a ganinmu, mai sayen farko ya nemi mai birki ko da zai ƙara kuɗi.

Batun farashi, ba za mu rubuta muku shi da naira ba, don kafin takardar nan ta zaga kasuwa canji ya motsa. A Amurka, a shekarar 2024, ƙaramin sabo irin Sea-Doo Spark yana farawa wajen dala dubu 7, manyan kuwa suna haura dala dubu 20. Sai ku tambayi 'yan Wapa kuɗin dala na ranar, ku ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai shigowa da shi. Duk wanda ya yi muku tayin sabo ƙasa da abin da wannan lissafi ya bayar, akwai magana a ciki. Kuma kuɗin saye ba shi ne ƙarshe ba. Akwai tirelar da ake jan shi da ita, don ƙaraminsa ma ya kusa kilo 200, babba ya ninka haka. Akwai rigunan ruwa, da rumfar ajiya, da batir, da baƙin mai. Sa'an nan uwa uba fetur. Tankin manyan yana cin wajen lita 70, masu ƙarfin doki 300 kuwa in aka buɗe musu wuta duka, cikin sa'a guda sun shanye shi. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan lissafi ba na wasa ba ne. Mu da muke auna riba da tiya, mukan yi shiru in muka ji shi.

Saurayi in ya zo saye, idonsa kan mafi gudu yake. Ku ba shi shawara ya sauko. Masu na'urar ƙara wa inji iska su ne ke kaiwa mil 65 ko fiye a sa'a, amma suna son fetur mai kyau ƙwarai, gyaransu da tsada, kuma ba sa yafe wa ɗan koyo. Matsakaici mai kujerar mutum uku, mai ƙarfin doki 90 zuwa 130, ya ishe shi, ya fi zama daram a kan ruwa, kuma in ya gaji da shi ya fi saurin samun mai saye. Haka nan a guji tsofaffin nan masu haɗa fetur da baƙin mai, masu hayaƙi. Zamaninsu ya wuce, yawancinsu sun haura shekara ashirin.

Yanzu sai na hannu, watau tokumbo, don shi ya fi yawa a hannun mutanen Ikko, kuma nan ne dillali ke shiga ruwa. Mun san a kasuwar hatsi ba a sayen buhu don kyan ɗinkinsa, sai an huda an ga ƙwaya ta sama da ta ƙasa. To shi ma fentinsa ba shaida ba ne. Babur ɗin ruwa ba a auna tsufansa da mil, da sa'o'in da injin ya yi yana aiki ake aunawa. Masu sana'ar a Amurka sukan lissafa kamar sa'a 30 a shekara ga mai hawa don nishaɗi, wanda ya wuce sa'a 300 kuwa sukan ce ya sha aiki. Amma allon gabansa ana iya sauya shi. Lissafi na gaskiya yana cikin ƙwaƙwalwar injin, sai an jona kwamfuta ake karanta shi, tare da tarihin duk ciwon da ya taɓa yi. Sai a ɗaga kujera a zaro sandar baƙin mai. In ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga inji, ku yi sallama ku tafi. A dubi kusoshi da wayoyi, in akwai farin gari ko tsatsa kore-kore, ya zauna cikin ruwan gishiri ba a wanke shi ba. A sa makanike ya kwance fulogi ya auna matsin kowace silinda, kada wata ta gaza 'yar'uwarta da fiye da kashi 10 cikin 100. A leƙa ta baya da tocila a ga farfela, ko bakinta ya karye, ko zoben da ke kewaye da ita ya cinye. A kwanta a duba cikinsa daga ƙasa, ko an yi masa faci an shafe da fenti.

Abin da ya sa muka tsananta a nan, da yawa daga cikin masu arahar nan daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka ake kwaso su, bayan guguwa ko ambaliya ta nutsar da su, ko sun yi karo. A wanke, a goge, a ɗauki hoto. Irin wannan yakan tashi lafiya lau a tsakar gida. Amma tashi a tudu ba gwaji ba ne, don ba ya jan kaya. Hasali ma ba a barin injinsa ya yi aiki a busasshe fiye da daƙiƙa 15 sai an jona masa tiyon ruwa. Gwaji shi ne a sa shi a ruwa, a hau na kamar rabin sa'a, ya yi zafi, a ga yana amsa totur, sa'an nan a fito a buɗe kujera a ga ko ruwa ya taru a cikinsa. Ba a cinikin biri a sama. Mai kayan da ya ce ba za a gwada a ruwa ba sai an biya, ya riga ya gaya muku abin da ke cikin kayansa.

To wane ne dila amintacce? Na farko shi ne wakilin kamfani na sosai, wanda za a iya ganin sunansa a shafin kamfanin na intanet. Shi ke iya ba da garanti na gaske, wanda galibi shekara guda ne ga sabo. In ba a samu wakili ba, sai an koma ga masu shigowa da kaya da kansu, kuma cikinsu akwai mutanen kirki. Yadda za ku gane su, ku bar ɗakin baje koli ku zaga baya. Akwai gareji? Akwai makanike zaunanne, ko sai an kira wani daga wata unguwa? Akwai kwamfutar duba inji ta irin wanda yake sayarwa? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don mabuɗin Sea-Doo da yawa sai da kwamfuta ake haɗa shi da babur ɗinsa, in ya faɗa ruwa kuma dila ba shi da ita, kun ajiye gunki. Ku ce ya nuna muku matatar mai da fulogi da zoben farfela a kan kanta, ba a baki ba. Ku tambaye shi shekara nawa ya yi a wannan shago, ku kuma nemi ya haɗa ku da mutum biyu da suka saya a wurinsa bara. Bara muka ce, ba makon jiya ba, don mai sayen makon jiya bai gama murna ba tukuna. Kuma ku lura da irin tambayar da shi yake yi muku. Wanda ya tambayi wane ruwa za a kai shi, wa zai hau, wa zai yi masa juyen mai na farko, wanda a Yamaha bayan sa'a 10 ake yi, wannan yana son ku dawo. Wanda ba ya zancen kome sai a tura kafin alƙalami yau don wani Alhaji na hanya, mun san irinsa a kowace kasuwa, har a Dawanau.

Takardu su ma a bi su da idon basira. Kowane babur ɗin ruwa yana da lamba mai harafi da adadi 12 a jikinsa ta baya, wajen hannun dama. Haruffa ukun farko na kamfani ne, YAM na Yamaha, KAW na Kawasaki, YDV na Sea-Doo na wannan zamani, adadi biyun ƙarshe kuma su ne shekarar ƙirar. Wanda ya ce muku na 2020 ne alhali lamba ta ƙare da 14, ba sai an yi musu ba. Lambar nan ta dace da ta rasit da ta takardar kwastan. In an kankare ta ko an liƙa wata a kai, ƙila na sata ne. Kuma kuɗi ya shiga asusun kamfani mai rajista, kada ya shiga na wani yaron shago.

Akwai kuma abin da mutumin Ikko ba zai tuna ya gaya muku ba, watau halin ruwanmu na Arewa. Tafkin Jabi a Abuja, da dam ɗin Tiga da na Kainji, ruwan daɗi ne, babu gishiri, wannan alheri ne ga inji. Amma da rani ruwa kan ja baya, ga yashi, ga kainuwa da kachalla, ga komar masunta da leda. Duk abin da ya zo bakin ragar nan zuƙe shi take yi. Yashi yana cin farfela, kuma yana toshe hanyar sanyaya inji, musamman Yamaha da Kawasaki da ke sanyaya injinsu da ruwan da suke tafiya a kai. Littafin Yamaha ya ce kada a tayar da shi a ruwan da bai kai zurfin santimita 60 ba, na Sea-Doo ya ce 90. Sa'an nan makanikensa ba ya nan kusa. Mai saye ya sa kuɗin kai shi Abuja ko Ikko cikin lissafinsa tun yanzu. Wanda kuma yake tunanin zai riƙa ƙetarar da kaya ranar kasuwa da shi, ku gaya masa gaskiya, ko buhu ɗaya ba shi da wurin ɗaurawa. Jirgin katako da injin Yamaha mai doki 40 shi ne abokin wannan aiki.

Hukumar NIWA mai hedkwata a Lakwaja ita ke kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, a Ikko kuma akwai LASWA ta jiha. A je a ji sharuɗɗan rajista kafin a sa shi a ruwa. An hana tafiyar dare, shi ma babur ɗin ba shi da fitila. Rigar ruwa wajibi ce ga kowane mahayi, haka igiyar nan da ake ɗaurawa a hannu wadda ke kashe inji in mutum ya faɗo. Kada a ba yaro, kada kuma a yi wasa da shi kusa da masu wanka ko kwale-kwalen fasinja, don igiyar ruwan da yake tayarwa tana iya kifar da ƙaramin jirgi mai lodi.

Ku kuma dillalai, malamanmu sun karantar da mu a babin ciniki cewa kaya mai ɓoyayyen aibi ana mayar da shi ga mai shi. Amma mayarwa daga Kano zuwa Ikko sai da takarda. A rubuta lambar jiki, da sa'o'in inji, da kwanakin da aka yarda a dawo da shi in aibi ya bayyana, da wanda zai biya kuɗin mota, shaidu biyu su sa hannu. La'adarku kuma ku faɗe ta a fili gaban mai saye, ku bar ta a hannunsa sai ranar da ya hau ya sauko da ƙafarsa.